Wasiƙa daga Gadarif ta ƙasar Sudan a kan tsohuwar Vespa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in ba ka labarin Vespar marigayi Baba, wadda ka sani tana jingine a zaure shekara da shekaru. Na fito da ita na wanke kafireto, na sauya fulogi, na zuba fetur da aka gauraya da baƙin mai kashi 2 cikin 100, kuma a bugu na huɗu ta tashi da shuɗin hayakin nan nata, har yaran unguwa suka taru a ƙofar gida.

Da na kwance tayar gaba ne na lura cewa hannu ɗaya tak ke riƙe da ita, daga gefe guda, kamar ƙafar jirgin sama. Ashe dalilin yana cikin tarihinta. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya jirage yake ƙerawa kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa masana'antarsa ta Pontedera, kuma wanda ya zana Vespa, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirage ne da ya yi suna wajen gwajin jirgi mai saukar ungulu. Mutumin ba ya son babur, domin sarƙa tana ɓata tufa da mai, sauya taya kuma wahala ce. Saboda haka ya manna injin a jikin tayar baya ya kawar da sarƙa, ya mayar da giya hannu, ya sa gangar jikin ƙarfe ta ɗauki nauyi da kanta yadda ake yi wa jirgi. Vespa ta farko ta fito a 1946 da inji mai cc 98, sunanta kuma a harshensu yana nufin zanzaro, wanda duk mai kallon siririn ƙugunta zai yarda ya dace. Ina ganin wannan buɗaɗɗen tsakiya ne ya sa dattawanmu masu jallabiya suka so ta, kamar yadda malaman Kano masu babbar riga suka so ta.

Injin nata mai bugu biyu ne, wato duk hawa da saukar fistin sau ɗaya sai wuta ta kama, kuma ba shi da tarkacen bawul irin na mai bugu huɗu, don haka ƙarfinsa ya fi nauyinsa. Wannan rashin nauyi ne masu ƙananan jirage suka yi kwaɗayi. Tun a shekarun 1930 kamfanin babura na Scott a Ingila ya ƙera inji domin ɗan jirgin Bafaranshe Henri Mignet, daga baya kuma injin Rotax 582 na ƙasar Ostiriya, mai silinda biyu da fulogi biyu a kowace silinda, ya cika jirage masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Sai dai ana kwance injin domin gyara bayan awa 300 na tashi, kuma ni dai ba zan hau irin waɗannan jirage ba, domin inji irin wannan ya taɓa ƙamewa da ni a hanya ranar da na yi rowar baƙin mai, na tura babur cikin rana har gida.

Abin da ya rage mini shi ne wayar kulochi da robar kafireto. Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka duba mini, ko da na tsohuwar Bajaj mai ƙirar Vespa ne, tunda asalinsu ɗaya.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Wassalam.

Naka amini.