Kafin ka sayi ƙaramar amfilifaya ta gida

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu sayen ƙananan amfilifaya don sifikun ɗaki. Lambar da ake rangaɗa wa kwali, wat 1000 ko 2000 PMPO (ƙololuwar ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan), talla ce kawai. RMS za a duba, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai.

A fara juya sifika a karanta bayanta: om 4 ce ko om 8? Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta. Yawancin amfilifaya masu araha Class D ne (nau'in da ba ya ɓarnar wuta sosai), da yawansu da cif TPA3116, wato ɗan injin da ke ƙara ƙarfin sauti, wanda ke karɓar bolt har 26. Amma ƙarfinsa yana hannun adafta. Da bolt 12, sifika mai om 8 ba za ta samu fiye da wat 9 mai tsabta ba. Da bolt 24 mai amfiya 5, za ta haura wat 30. Wanda ke jona amfilifayar da batirin sola mai bolt 12, sai ya zaɓi sifika mai om 4, wadda za ta fi samun ƙarfi.

Abin da ke ɓata mini rai, ana murɗa ƙara har sauti ya fara karcewa, tiwita (ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti) ta ƙone, a ce sifikar ce jabu. Kuma kada a haɗe baƙaƙen wayoyin sifikar hagu da ta dama wuri ɗaya, domin a irin wannan amfilifaya kowacce tana ɗauke da wuta, cif ɗin zai iya lalacewa.

Naka,
Mai gyaran rediyo, Kano