Ranar da Dattijo Ya Yi Shiru a Bangon Zaure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin ƴan uwana masu gabatar da jawabi da majigi a nan Damagaram, game da sanya murya da bidiyo a cikin shafukan PowerPoint.

Kwanakin baya na halarci wani taron horar da manoma a kan renon tohon itatuwa a gona, aikin da ya mayar da gawo cikin gonakin Magarya da Matameye da Miriya. Mai gabatarwa ya tanadi bidiyon wani dattijo yana tsaye a gindin gawonsa yana bayani da bakinsa, kuma shi ne abin da jama'a suka fi jira, domin galibinsu ba sa karanta Faransancin da ke rubuce a shafukan. Da aka iso wurin, sai wani baƙin fili ya tsaya a bango, mai gabatarwar ya danna ya sake dannawa har gumi ya keto masa.

Dalilin ba boyayye ba ne. PowerPoint na da hanya biyu ta ɗaukar bidiyo: ko dai ya haɗiye shi a cikin fayil ɗin jawabin, ko kuwa ya riƙe adireshin inda yake ajiye kawai. Tun daga fitowar 2010 haɗiyewar ce yake yi idan ba a ce masa akasin haka ba, amma ta 2007, wadda har yanzu ake samu a tsofaffin kwamfutocinmu, adireshin kaɗai take riƙewa. Bawan Allahn nan ya kwafi jawabinsa a kile (wato USB), bidiyon kuwa yana can a kwamfutar gida. Wanda ya ga dole sai ya bi hanya ta biyu, to ya tara jawabin da bidiyon a jaka ɗaya ta cikin kwamfuta kafin ya haɗa su, sannan ya kwashe jakar dungurungum.

Da aka samo bidiyon daga wayarsa, sai hoto ya fito, bakin dattijo yana motsi, amma babu sauti. Igiyar VGA da ke haɗa kwamfuta da majigi, mai shuɗin kai da allurai 15, hoto kaɗai take ɗauka. Igiyar HDMI ce ke tafiya da hoto da murya tare, ko da yake ƴar lasifikar da ke jikin majigi ba ta iya cika zauren da fanka ke kaɗawa. Maganin shi ne a ja wata igiya daga ramin abin saurare na kwamfuta zuwa babbar lasifika.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Bidiyon MP4 shi ne mafi sauƙin buɗewa a sababbin fitowar PowerPoint, saƙon murya na WhatsApp kuwa yana zuwa ne a siffar opus, don haka gara a juya shi zuwa MP3 tun a gida. Bidiyon YouTube da aka liƙa a shafi ba ya tashi sai da intanet. Idan fayil ya yi nauyi, sababbin fitowar manhajar suna iya matse bidiyon su rage girmansa, suna kuma iya datse farkonsa da ƙarshensa. Ni dai a ganina minti biyu sun isa, kuma kiɗan da wasu ke sakawa a ƙarƙashin maganarsu ba ya ƙara komai sai wahalar da kunnen tsofaffi.

Roƙona ga masu shirya tarurruka shi ne su riƙa buɗe zaure rabin awa kafin lokaci, domin mai jawabi ya gwada kayansa a kan majigin da zai yi aiki da shi. A wancan taron, a ƙarshe wayar aka kara a bakin makirfo, muryar dattijon ta fito tana shaƙewa, amma duk da haka manoman suka nemi a maimaita musu har sau biyu.

Wassalam,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram