Kundin Lauryn Hill Na 1998 Da Haƙƙin Makaɗan Da Ke Bayan Fage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ra'ayi da ya yi yawa a bakin jama'a, wato cewa gambarar zamani, wadda ake kira hip-hop, ba komai ba ce illa surutu a kan kiɗan na'ura, kuma duk mawaƙin da ya gauraya ta da wani salon kiɗa ya ɓata ta ne don neman kasuwa. Ban yarda da wannan ba, kuma hujjata ita ce kundin da mawaƙiyar Amurka Lauryn Hill ta fitar a watan Agustan 1998, mai suna The Miseducation of Lauryn Hill.

A cikin kundin nan ta haɗa gambara da kiɗan soul, da rege na Jamaika, da salon rera waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka, ta yadda a waƙa guda za ta jero baituka da zafin harshe, sannan ta sassauta murya ta rera amshi ba tare da an ji gargada ba. An ɗauki wani ɓangare na aikin a sutudiyon Tuff Gong da ke birnin Kingston na Jamaika, kuma makaɗa ne na gaske suka riƙe kayan kiɗa: Carlos Santana ya kaɗa jita a waƙar da ta yi wa ɗanta na fari, John Legend kuwa, wanda a lokacin ɗalibi ne da ba a san shi ba, ya buga fiyano a wata. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka saƙa hirar wani malami da yara 'yan makaranta a tsakanin waƙoƙin, suna tattauna ma'anar soyayya, domin hakan ne ya ɗaure kundin ya zama zance guda mai kai da gindi.

Wannan gauraye ba baƙo ba ne ga gambara. Tun da aka fara ta a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, da gutsattsarin tsofaffin fayafai aka gina ta, kuma DJ Kool Herc, wanda ake danganta farkonta da shi, haifaffen Jamaika ne.

A bikin Grammy na 1999, wato bikin karrama mawaƙa a Amurka, Lauryn Hill ta karɓi lambobin yabo biyar, har da ta kundin shekara, wadda babu wani kundin gambara da ya taɓa samu kafin nan. Daga baya Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya kundin nata cikin fayafan da ake adanawa saboda darajarsu ga tarihi, kuma a 2021 aka tabbatar cinikinsa ya kai kwafi miliyan 10 a Amurka. A ganina babban tasirinsa ya wuce lambobin nan, domin ya nuna wa mawaƙa, musamman mata, cewa za su iya yin gambara a kan haihuwa da rabuwa da imani, jama'a kuma su saurara.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Wasu makaɗa da ake kira New Ark sun kai ƙarar Lauryn Hill kotu, suna cewa ba a ambaci gudummawarsu a rubuta waƙoƙin da tsara kiɗan yadda ya kamata ba, har aka sasanta a wajen kotu a 2001. Aikin da ya haɗa salo da yawa hannu da yawa ne ke yin sa, amma suna guda ake bugawa a bango. Saboda haka nake roƙon jaridarka, duk lokacin da za ta yi sharhin wani kundi, ta riƙa ambaton waɗanda suka kaɗa da waɗanda suka tsara kiɗan, tare da bayyana salon da aka aro da kuma inda aka aro shi.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum