Barka da Sallah daga Bradford, duk na ɗinka ku

Assalamu alaikum. Baba, Inna, da duk wanda ke tsakar gida a yanzu, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Na san an sauko daga Idi, yara sun yi gaba zuwa ƙofar fada su kama wuri kafin Mai Martaba Sarkin Bauchi ya iso. Mu nan Ingila ranar aiki ce. Sai da Abban Ummi ya nemi izini kafin ya je masallaci, kuma a cikin masallacin ake yin Idin, jam'i bayan jam'i. Musulmi suna da yawa, galibi 'yan Pakistan, mutanen kirki, har alewa suka cika wa Ummi hannu da ita. Amma ba algaita, ba doki ko ɗaya, ba yaron da zai yi sallama da kwano a ka ya ce wai in ji Goggo.

Inna, masa nake so. Tun daren jiya ita ce a raina. Na jiƙa shinkafa, na niƙa, na sa yis, na ajiye ƙullin kusa da na'urar ɗumama ɗaki, amma sanyin ƙasar nan bai bar shi ya yi tsamin nan na gida ba. Tandata ma ta ƙarfe ce, gefen ba ya soyuwa yadda taki ta ƙasa ke yi. Kabewa akwai, gyaɗa akwai, yakuwa ce babu, miyar taushen sai ta fito salam. Mun ci mun gode Allah. Don Allah in an kwashe ta farkon nan mai ƙauri a gindi, a ba Auta ta ci a madadina.

Bari in ba ku labarin abin da ya ɗebe mini kewa cikin azumi. Mutanen nan suna da al'adar rataya 'yan kayan ado a jikin bishiya lokacin Kirsimeti. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da hannu take ɗinka nata, kowanne da kamar jikanta guda, ita ta koya mini. Yadin na ulu ne, irin wanda ake jar dara da shi. Ba saƙa shi ake yi ba, gashin tumaki ake jiƙawa da ruwan zafi a murza a danne har ya kama juna, shi ya sa ko ta ina ka sa almakashi ba ya zarewa, ba sai an yi kalmasa ba. Garin nan ma da ulu ya yi suna. Dattijuwar ta kai mu Saltaire, nan kusa da Bradford, wata tsohuwar masaƙa da aka buɗe a 1853, yanzu ta zama wurin shaguna da baje zane-zane.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. A zana siffar a kwali, a yanka yadin gida biyu, a fara yi wa na gaba ado tukuna, sannan a haɗa su a bi baki da allura, a bar 'yar kafa a cusa auduga, a rufe, a sa maɗauki a ka. Kowanne bai fi tafin hannu ba. Ni ku na ɗinka, kowa da nasa, a zare na jera su a bangon falo, da jinjirin wata a tsakiya.

Baba, na san abin da za ka tambaya. Ban yi musu ido ko hanci ko baki ba, fuskar haka na bar ta, yadda Goggo take bar mana 'yar tsanar kara muna yara. Ummi kuwa, da a waya kawai take ganinku, ba wanda ta kasa ganewa. Kai ta gane ka da farar babbar riga da zanna bukar da carbi, na ma ɗan yi maka aska biyu a wuyan rigar da zaren ruwan ƙasa. Inna da shuɗin mayafinta da maɓallan ɗaki ɗaure a gefen zane. Yaya Babba da biro a aljihu. Ta Hajiya Kaka ce ta sa ni kuka, don da guntun atamfar da ta naɗe mini daddawa a ciki ranar tafiyata na yi mata ɗan kwali, na ɗinka mata jan lalle a tafin ƙafa. Ummi kullum sai ta gaishe ku ɗaya bayan ɗaya kafin ta tafi makaranta, yau kuma tsayawa ta yi a gaban Baba tana jiran goron Sallah.

A gaishe mini da Hajiya Kaka gaisuwa ta musamman. A durƙusa mata a madadina, a tambaye ta ƙafar, a tabbatar tana shan maganinta, kada kuma a bar ta ta zauna a rana yau don kallon masu shigowa. A ce mata angonta ya fara rarrafe, yana nan yana tara kuɗin cefane. Goggo, ina kewarki, ina kewar faɗanki da dariyarki. Auta, kin yi kitso da lallen kuwa? Ki turo hoton kayan Sallarki yau, ba gobe ba. Ina gaida Yaya Babba da iyalinsa, Baffa, Kawu da mutanen Jahun, su Inna ƙarama na Wunti, Malam liman, da maƙwabta gaba ɗaya.

Akwai mai zuwa gida bayan Babbar Sallah, zan ba shi su ya kawo, kowa ya karɓi nasa, ni in ɗinka wasu. In zai dawo a haɗo mini da busasshiyar yakuwa, da ƙaramar tandar ƙasa daga kasuwar Muda Lawal a naɗe ta da kyau, da guntayen yadin Sallar kowa daga wurin tela. Abban Ummi yana gaishe ku, zai kira Baba bayan la'asar.

Wassalam, 'yarku,
Maman Ummi