Anti, an raba ni da dattijuwar da nake koyon yarenta

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a?

Daga Baranasi nake rubuto miki, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, inda nake digiri na biyu kan halayyar ɗan'adam. Yau kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ranar Litinin malamar da ke duba aikinmu ta cire ni daga kan wata dattijuwa da nake zama da ita duk mako don taimaka mata kan damuwarta, a gaban ɗalibai kuma, ko jan ni gefe ba ta yi ba. Wai na shaƙu da ita fiye da kima. Malamar nan dama tun zuwana ba ta taɓa sakar min fuska ba.

Bari in koma baya. Mijin dattijuwar ya rasu, ɗanta ɗaya yana leburanci a Dubai, damuwa ta hana ta ci da barci. Na zo da ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai da wanda na koya a aji, sai na tarar ita Bhojpuri ne a bakinta, yaren gabashin jihar nan da yammacin Bihar. Tana jin Hindi, amma in kuka ya zo mata sai ta koma yaren uwarta. Shi ya sa na fara koya. Baƙaƙen Devanagari ne, irin na rubutun Hindi, na riga na san su, matsalar a kunne take. Su "ba" tabbatarwa ce, in ta ce "thik ba" lafiya lau take nufi, ni kuwa kunnena na Bahaushiya sai ya ji kamar musu take yi. Ranar da na ce mata "raua", kalmar girmama babba, maimakon "aap" na Hindi, ta riƙe hannuna ta kira ni "bitiya", wato 'yata. Anti, wa zai ji haka zuciyarsa ba ta motsa ba?

Malamar ta ce ɓata lokaci nake da yaren ƙauye. Yaren da ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 50 ke yi, har Morishus da Nepal ana jin sa!

Gaskiya na karɓi tekuwa daga hannun dattijuwar, wani soyayyen fulawa da mazarƙwaila mai kama da cincin, ta naɗo shi a takardar jarida duk mai ya jiƙa ta. Na kuma ba ta lambata, na san doka ta hana. Amma sau uku kawai ta kira, kuma da dare ne lokacin da abin ya taso mata. Da in ƙyale ta?

Ban faɗa miki ba, Innata ta rasu bara ina nan, ban samu jana'iza ba. Malamar ta ce ita nake nema a jikin matar. Wannan maganar ta fi cirewar yi min ciwo, har yanzu na kasa daina juya ta.

Yanzu an ba wani ɗalibi dattijuwar, ko gaisuwa bai iya da yarenta ba. Ta gayyace ni gidanta lokacin bikinsu na Chhath, ni ba bakin kogi zan bi su wajen bautarsu ba, gaishe ta kawai zan yi. In na je za a iya kore ni. Littafin da nake rubuta kalmomi kuwa na kasa buɗe shi. Jiya ta sake kira ban ɗauka ba. In ta kira yau, me zan ce mata?

Taki,
Wata 'yarki a Indiya