Bayan aikin maƙoƙo, kada a ajiye magani

Assalamu alaikum Edita. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi kira ga waɗanda aka yi wa aikin maƙoƙo a Sakkwato da kewaye, musamman mata, tunda su ciwon ya fi kamawa. Da yawa suna ajiye magani da zarar ɗinki ya warke, a zatonsu an gama.

Abin da likita ke cirewa shi ne tayirod, wata tsoka a gaban maƙogwaro da ke samar da sinadaran homon guda biyu, T4 da T3. Su ke tsara bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda jiki ke sarrafa abinci. Idan an cire ta gaba ɗaya, babu gaɓar da za ta karɓi aikinta, sai ƙwayar levothyroxine, wato T4 ɗin da aka haɗa a matsayin magani, kullum har ƙarshen rayuwa. Wanda aka cire wa rabi, ragowar takan wadatar, amma kusan ɗaya cikin biyar na buƙatar ƙwayar, don haka shi ma a auna jininsa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne T4 na daɗewa a jini, sai ya yi kamar mako guda kafin rabinsa ya ƙare. Mutum zai daina sha ya ji garau mako biyu ko uku. Daga baya kasala ta sauko, fuska ta kumbura, bayan gida ya yi tauri, gashi ya riƙa zuba, ka ga mace tana neman bargo cikin zafin Afrilu. Sai a ce sammu ne, a bazama neman magani a inda babu shi.

Akan fara ƙwayar da kusan maikirogiram (ma'aunin ƙarfin ƙwayar) 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 60 zai sha wajen 100 a rana. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ana fara musu da ƙasa da haka. Bayan mako 6 zuwa 8 sai a yi gwajin TSH, sinadarin da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana umartar tayirod ta yi aiki. Idan ya hau, magani ya yi kaɗan. Idan ya faɗi ƙasa sosai, magani ya yi yawa, kuma ƙarshensa faɗuwar gaba, rashin barci, rama da raunin ƙashi.

Yadda ake sha ma babbar magana ce. A haɗiye da ruwa zalla, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Shayi mai madara, fura da nono da awara suna hana hanji tsotse shi. Maganin ƙarin jini, kalsiyam da ruwan maganin olsa kuwa a ba su tazarar awa 4. Da azumi a sha kafin sahur da wannan tazarar ta minti 30 zuwa 60, ko lokacin kwanciya, awa 3 bayan abinci. Kuma kada a bar ƙwayar a mota ko kan taga, zafin garin nan na rage mata ƙarfi.

Mai juna biyu ta garzaya asibiti tun farko, domin akan ƙara mata maganin da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Ƙwaƙwalwar jariri na dogara da homon ɗin uwa a watannin farko.

Sai maganar paratayirod, wasu ƙananan tsokoki huɗu masu girman ƙwayar shinkafa da ke bayan tayirod, masu kula da kalsiyam a jini. Aiki kan taɓa su, sai kalsiyam ya yi ƙasa. Idan leɓe ko yatsu suka fara mutuwa, ko hannu ya ƙandare cikin kwana 1 zuwa 3 bayan aiki, a koma asibiti nan take, kada a jira ranar da aka ba mutum.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Sakkwato.