A riƙa auna ƙarfin tsofaffinmu, ba hawan jini kaɗai ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Satin da ya wuce na kai Baba wani asibiti nan Zariya, aka auna hawan jini aka duba suga aka ce lafiya lau, alhali yanzu sallah a zaune yake yi, buta ma sai jikansa ya ɗauko masa, kuma ba wanda ya tambaye mu wannan.

To ai akwai ma'auni. Tun 1963 wani likitan Amurka, Sidney Katz, ya fitar da abu shida da ake dubawa: wanka, sa kaya, zuwa bayi, tashi daga gado, riƙe fitsari da bayan gida, sai cin abinci da kansa. Akwai kuma na kujera, tsoho ya tashi ya taka mita 3 ya juyo ya zauna, in ya kai daƙiƙa 12 akwai fargabar faɗuwa. Agogon waya kawai ake buƙata fa, ko nas ta asibitin unguwa za ta iya.

Kuma tsohon Bazazzage ba zai taɓa ce maka ya kasa tsugunno ba, kunya. Ni sai da Baba ya daina fita Juma'a na gane.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya